Farantin da Ya Ƙi Tsiro

Likitar yara ce ta kira 'yan sanda, ba iyayen ba. Su suna can bakin ɗaki sun zuba tagumi, babu mai ƙarfin kai ƙara.

Da Sufeto ya iso, ta ajiye masa ledar madarar gari a kan tebur, ƙaramar nan mai hoton saniya tana dariya. Ta ce yara biyar aka kawo daga gidan raino guda, da zawo da zazzaɓi. Huɗu sun fara farfaɗowa. Ɗayan, namiji ɗan wata tara, ya rasu da safen nan. An kai ragowar madarar ɗakin gwajin hukuma, an sami ƙwayar cutar da ake kira salmonela, kuma ita ce dai a cikin yaran.

"Ba daga ruwan gidan rainon ba ne?" in ji Sufeto.

"An gwada ruwan, lafiyarsa ƙalau. An kuma sayo sababbin ledoji a shaguna daban-daban, masu wannan lambar, waɗanda ba a taɓa buɗewa ba. Duk tana ciki."

Lambar da take nufi ita ce ta zubi, wato abin da kamfani ya ɗura a rana guda. Sufeto ya juya ledar ya karanta adireshin. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, in yana sauraronka sai ka rantse gyangyaɗi yake yi. Mutane da dama sun yi wannan rantsuwar, suna gidan yari yanzu.

Kamfanin ba ya yin madara da kansa. Sayo ta yake yi a manyan buhuna, ya ɗura a ƙananan ledoji, kuma da injin guda yake ɗura garin cakulan na sha. Manajan ya tarbi Sufeto da hannu biyu da mai laifi a shirye.

"Ai mun riga mun gano ta, Yallaɓai. Mai gwajinmu ce. Ma'aikata suna ce mata Tabarau. Ita ke gwada kowane zubi kafin ya fita, ita ta sa hannu cewa wannan lafiya yake. Gwajin biro ta yi mana."

"Mene ne gwajin biro?"

"A zauna a rubuta sakamako ba a gwada komai ba. Na dakatar da ita. Lauyanmu ya ce kisan kai ta hanyar sakaci ne, ɗauri ne ba wasa ba."

Ya faɗi kalmar ɗaurin kamar mai faɗin albishir. Sufeto bai ji mutumin ya kwanta masa ba, amma rashin kwanciyar mutum a rai ba hujja ba ce, kuma fasfo ɗin manajan ya nuna yana ƙasar waje duk makon da aka yi zubin. Ya nemi a kai shi wajen matar.

Ɗakin gwajin yana sama, a ƙarshen wani matakalin ƙarfe mai tsayi da santsi. Sufeto ya hau yana tsine wa gwiwarsa ta hagu. Ya tarar da matashiyar mace mai tabarau tana tattara kayanta a kwali. Cikinta ya tsufa sosai, ƙafafunta sun kumbura har silifas sun yi musu kaɗan.

"Zauna, Malama. Yi mini bayanin aikin kamar kina yi wa ɗan firamare."

Ta zauna da ƙyar. Muryarta ba ta rawa. Ta ce ana ɗibar madara daga bakin injin a zuba a kwalabe biyu da aka kashe musu ƙwayoyi. Ɗaya ta gwada, ɗaya ta ajiye saboda irin wannan rana. Takan dama garin da ruwa mai tsabta, ta shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ta sa a akwatin ɗumi. In akwai ƙwaya sai ta tsiro ɗigo-ɗigo, sai ta ƙirga.

"A wannan zubin ɗigo nawa kika ƙirga?"

"Babu ko ɗaya."

"Manaja ya ce saboda ba ki shafa komai a farantin ba ne."

"Na shafa, Yallaɓai. Da na ga babu komai ma sai na yi zaton abincin farantin ne ya lalace. Na gwada shi da wata ƙwaya da muke ajiyewa, ta tsiro. Na sake gwada madarar, babu. Sai na ji daɗi. Har na yaba wa 'yan layin ɗuri."

"Wa ke ɗibar madarar a kwalabe?"

"Doka ta ce mai gwaji."

"Na ji abin da doka ta ce. Wa ya ɗebi wannan?"

Ta gyara tabarau ɗinta. "Ni."

Sufeto ya dubi ƙafafunta, ya tuna matakalin. Ya karɓi kwalbar ajiyar, ya sa a jaka ya liƙe. A ƙasa, bakin ɗakin ɗuri, inda ma'aikata ke sauya takalma kafin su shiga, akwai fararen takalman roba jere a kan katako. Wasu an rubuta musu "Gwaji" da jan fenti. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki har ya tara ƙudaje.

Mai sito dattijo ne da magana ba ta yi masa wuya. Tun kafin a tambaye shi ya rantse cewa ɓera bai taɓa kwana a sitonsa ba. Sufeto ya zagaya, ya ga buhunan suna kan katakai, babu danshi, babu kashin ɓera. Ya sa aka ɗebar masa daga buhun da ya rage cikin waɗanda aka yi zubin da su.

"Abin da ya fi ba ni tsoro," in ji mai sito, "kwalayen ma'aikata. Duk zubi ana ba kowa kwali guda ya kai gida. Ni nawa jikokina sun sha rabi, Allah ne ya tsare, a tafasasshen shayi uwarsu ke zuba musu. Ita kuwa Tabarau, ban ga yadda za a yi ta yi wasa da gwaji ba, 'yarta ma madarar nan take sha safe da yamma. Tausayin Dogo nake ji."

"Wane ne Dogo?"

"Shugaban layi. Yayanta ne ai, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi mata karatu. Tunda ya kama layin nan mota ba ta taɓa jiran kaya ba. Ranar zubin nan ma cakulan aka ɗura da safe, kafin rana ta yi tsaka har an koma madara. Sai Dogo."

Kafin Sufeto ya shiga ɗakin ɗurin sai da aka sa masa farar riga da hular raga, duk da kansa babu gashin da zai faɗa cikin madarar kowa. Dogo ya amsa sunansa, sai ya sunkuya yake wuce ƙofa. Magana yake yi a natse, irin ta wanda ya san aikinsa. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa ba ya shiga wannan ɗakin.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

"Gari busasshe ƙwaya ba ta haihuwa a cikinsa, Yallaɓai. Da ya ji danshi shi ke nan, ka ba ta gida da abinci. Shi ya sa in za mu sauya daga cakulan zuwa madara, da buroshi muke sharewa da injin zuƙar ƙura. Rariya kaɗai ake cirewa a wanke a waje, a busar a tanderun lantarki."

"Sharar takan ɗauki lokaci?"

"Yini guda, in ana so ta yi kyau."

"Ƙanwarka fa? Kana ganin za ta yi gwajin biro?"

Dogo ya dubi injin. "Auta ba ta ƙarya. Amma ka san ciki, yakan sa mace mantuwa."

Sufeto ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, gwiwarsa tana ƙara. A ƙarƙashin injin, inda tsintsiya ba ta kaiwa, akwai wani layi ruwan kasa a jikin bango, a miƙe, kamar shatin da ruwa ke bari a bokiti. Kusoshin ƙafafun injin sun yi sabuwar tsatsa. Ya miƙe, ya yi godiya, ya cire hular ragar da murna.

Shugaban ɗakin gwajin hukuma tsoho ne da ake kira Baba Faranti, ya yi shekaru yana hira da ƙwayoyin cuta fiye da yadda yake hira da mutane. Ya ce a ba shi lokaci, ƙwaya ba ta san gaggawar 'yan sanda ba. Da lokacin ya yi, ya jera wa Sufeto faranti uku.

"Wannan ledar kasuwa ce. Ka ga yadda ta cika, har da mugunyar ƙwayar nan. Wannan buhun sito ne, 'yan ɗigo kaɗan, marasa illa, haka madarar kirki take. Wannan kuwa kwalbar ajiyar mai gwajin ce."

Farantin fes yake, babu ko tabo.

"Ashe gaskiya ta faɗa, Baba. Ta gwada, babu komai."

"Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce matsalar. Ɗana, madara daga jikin saniya take fitowa. Komai kyanta sai ka sami 'yan tsiraru. Wadda ba ta da ko ɗaya, wani ne ya kashe su."

Ya zuba garin buhu a farar takarda, ya zuba na kwalbar a gefensa. A kwalba ba a gane bambancin, amma a jere ko makaho ya lalubo shi. Na buhun fari ne, na kwalbar ya yi ɗan ja-ja. Sufeto ya shinshina. Ƙamshin da ya ji irin na madarar da ta kama a gindin tukunya ne.

"An gasa ta," in ji Baba Faranti. "Wanda ya yi ya san zafin da zai kashe ƙwaya bai ƙona gari ba. Bai dai san cewa tsafta ma tana yin yawa ba."

"Ita ba ta da abin gasawa a ɗakinta?"

"Tana da tukunyar tururi. Da ita ta sa, da garin ya zama dutse. Wannan busasshen zafi ne."

Daga nan Sufeto ya nufi gidan Tabarau, da hujjar tattara kwalayen ma'aikata. Ba ta nan, ta tafi awo. Mijinta tela ne, shagonsa a jikin gidan, ya fito da zaren awo a wuya. Wata yarinya 'yar shekara biyu tana maƙale da ƙafarsa, kumatunta cike, lafiyarta ƙalau.

"Kwalin wannan zubin muke nema," in ji Sufeto.

"Ai bai kwana a gidan nan ba, Yallaɓai. Ranar da aka kawo shi, da yamma sai ga Yaya Dogo a kan babur. Ya ce an yi kuskure, kwalin da aka ba mu ya jiƙe a sito, ya ɗauke ya ajiye mana gwangwani biyu na wani kamfanin. Har na yi masa tsiya na ce yau kuma Yaya tallan kayan kishiyoyinku kake yi? Bai yi dariya ba. Ya ce kada na gaya wa Auta, za ta yi ta mita."

"A lokacin an ji labarin wani yaro ya kwanta?"

"Ina. Madarar ma ba ta shiga kasuwa ba tukuna." Telan ya ɗora hannunsa a kan yarinyar. Fuskarsa ta sauya a hankali. "Yallaɓai, me ya sa kake tambaya?"

Sufeto ya ce masa ya kula da 'yarsa kawai, ya tafi.

Tanderun busar da rariya yana wani lungu bayan ɗakin ɗuri, mukullinsa guda ɗaya ne, yana cikin zoben mukullan Dogo. Sufeto ya sa aka buɗe a gaban manaja. Wuri ne da bai kamata komai ya shiga ba sai wankakken ƙarfe. A kan tiren ƙasa akwai zobba biyu na ƙonannen gari, daidai faɗin gindin kwalba. Ya ɗora kwalbar ajiyar a kan ɗaya, ta zauna cif.

Ya tara su a ɗakin gwaji, saboda can aka fara ɗora laifin. Tabarau tana zaune, manaja yana tsaye bakin taga, Dogo ya jingina da ƙofa. Sajen da ya rako Sufeto yana bayansa a kan matakali.

"Malama," in ji Sufeto, "takalmanki na shiga layi gizo-gizo ya gaje su. Kin daɗe ba ki shiga can ba. Wa ke kawo miki kwalaben?"

Ta dubi ƙasa. "Yaya ne. Tun da likita ta hana ni yawan hawa da sauka. Taimakona yake yi, Yallaɓai, shi ya sa ban faɗa ba. Kada a kore shi a kan laifina."

"To bari na gaya miki taimakon. Ranar an ɗura cakulan da safe. Shara yini guda take ci, shi ya faɗa mini da bakinsa, amma kafin rana ta yi tsaka an koma madara. Buroshi ba ya wannan saurin. Tiyo aka janyo daga tankin baya, wanda tantabaru ke kwana a kansa, aka wanke injin. Shatin ruwan cakulan yana nan a bango, tsatsa tana nan a kusoshi. Injin bai bushe ba aka zuba madara."

Manaja ya buɗe baki, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Shi ya fi kowa sanin abin da danshi ke yi wa gari. Ya san in kwalaben suka iso nan yadda suke, farantinki zai tona shi, a zubar da zubin gaba ɗaya, a ce yau mota ta jira Dogo. Sai ya biya da su tanderu. Ke kika gwada gasasshiyar madara, kika ga babu komai, kika sa hannu da zuciya ɗaya."

"Wannan duk zato ne," in ji Dogo. "Kowa zai iya ɗaukar mukulli."

"Zai iya. Amma mutum ɗaya ne ya hau babur ya je gidan ƙanwarsa ya ɗauke kwali, tun madarar ba ta kai kasuwa ba, tun babu yaron da ya yi ko atishawa. Mai sito ya ce babu kwalin da ya jiƙe. Wanda bai san akwai cuta a ciki ba, me zai sa ya raba yarinya da ita?"

Tabarau ta cire tabarau ɗinta ta riƙe a hannu.

"Yaya, gwangwanayen nan kai ka kawo?"

Dogo ya zame ya zauna a ƙasa, dogayen ƙafafunsa sun tokare ƙofa. "Na zaci zai tsaya a ɗan ciwon ciki, Auta. Mutane da ruwan zafi suke damawa. Wallahi ban zaci zai kai ga rai ba."

"Amma ba ka bar tawa ta sha ba."

"Ta yaya zan bari? 'Yata ce."

"Shi ma yaron da ya rasu yana da kawu," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Kuma kana tsaye aka ce za a ɗaure ni. Ka ce ciki ne ya sa ni mantuwa, an gaya mini. Na ce ƙarya ake yi maka."

Sufeto ya sha ganin ɓarayi da makasa, yawancinsu ba su taɓa masa zuciya. Wannan ya ba shi haushi kuma ya ba shi tausayi, haushin ya fi yawa. Ya yi wa Saje alama.

Manaja ya matso yana murza hannu, ya ce ai shi dama bai taɓa yarda Malama za ta aikata ba, gobe ma ta dawo aiki. Sufeto ya ce masa shi ma ya shirya, hukuma za ta so jin dalilin da ya sa aka bar mai tsohon ciki da matakalin ƙarfe babu mataimaki. Sannan ya juya ga Tabarau, don ba ya son ta ji daga bakin wani.

"Ɗauri ya sauka daga kanki, Malama. Amma doka ta ce mai gwaji ke ɗiba, kuma sa hannun naki ne. Mai yiwuwa su karɓe takardar aikinki."

"Na sani," ta ce. "Farantin ya gaya mini, ni ce na zaɓi na ji daɗi."

Ta mayar da tabarau ɗinta, ta ɗauki kwalin kayanta da ta bari a nan tun ranar da aka dakatar da ita. Saje ya riga ya tayar da Dogo, suna tsaye a kan matakalin farko. Da ta zo wucewa, Dogo ya miƙo hannunsa da ankwa don ya karɓi kwalin, kamar yadda ya saba karɓar mata kaya tun tana 'yar makaranta. Ta matsar da kwalin gefe, ta kama ƙarfen matakalin da ɗaya hannun, ta fara sauka a hankali ita kaɗai. Sufeto ya biyo bayanta da gwiwarsa, babu wanda ya hanzarta wani.